Fuskar da Mai Fensir Ya Kasa Zanawa

Sati uku mijina ya yi yana feƙe fensir bai ja ko layi ɗaya ba. Ya duƙa, ya miƙe, ya ja teburin zuwa bakin taga ya ce haske ya yi yawa, ya mayar da shi jikin bango ya ce duhu. In na leƙo shagon ta ƙofar cikin gida sai in tarar da shi tsaye da reza a hannu, ɓawon fensir ya taru a ƙasa, takardar kuwa fara fat. Ni ce mai shara, don haka ni na san yawan fensiran da suka ƙare a banza.

Aikin da ya gagare shi, a bakin wanda bai sani ba, bai taka kara ya karya ba. Fuska ɗaya ce tak za a sa a bangon littafi. Sai dai fuskar amininsa ce, Tsinke mai barkwanci, wanda suka shekara ashirin da shida suna aiki tare, kuma wata biyu kafin nan hawan jini ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin jiki da rabin fuska. Tsinke ya aiko cewa mijina ne zai zana shi, ba wani ba. Shi kuwa gogan, tun ranar da ya gan shi a gadon asibiti bai sake taka ƙofarsa ba. Ina ji ina gani abotar shekara da shekaru tana neman mutuwa, alhali masu ita duk suna numfashi, kuma abin yana cin raina.

Mai Fensir ake ce wa mijina a layinmu, har 'ya'yan cikinsa in sun so tsokana. Asalin sana'arsa rubuta allon shago. Na aski, na tela, na mai gyaran agogo, duk allon da ka gani a manyan titunan unguwar nan ya wuce shekara goma bai koɗe ba, to hannunsa ne. Mutum ne da bai san zama wuri ɗaya ba. Abinci a tsaye yake cinsa, shayi yana tafe yana kurɓa, in an je gaisuwar mutuwa ƙafarsa ce ke kaɗawa har na kusa da shi ya dafa masa gwiwa. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce mini ranar da aka kawo ni: "'Yar nan, kada ki wahalar da kanki sayen kujera mai kyau, ba zama zai yi ba." Na ɗauka wasa take yi.

Ta allon wani mai aski suka haɗu da Tsinke. An ce ya zana kawuna shida masu aski iri-iri, shi kuma neman magana ya sa ya ba kowane kai fuskar wani a layin: mai gidan haya da kunnuwansa kamar fankar hannu, mai kantin magani da idonsa ɗaya a kan aljihun mutane, har shi mai askin da haƙorinsa na gaba. Tsinke ya zo aski, ya ɗaga kai ya ga allon, ya yi dariya har aka yanke shi a ƙeya. Da audugar a manne a kansa ya zo shagonmu yana tambayar wane ɗan banza ne ya yi wannan aiki.

A lokacin Tsinke ya cancanci sunansa, siriri ne kamar iska za ta ɗauke shi. Daga baya ya ajiye tumbi, sunan ya ƙi barinsa. Shi ake ɗauka ya riƙe makirfo a bukukuwan masu kuɗi da tarukan karrama taurari, saboda haka ya san mawaƙa da 'yan fim da 'yan ƙwallo ta bayan labule, inda suke cire takalmi su sosa ƙafa. Editan wata mujalla ya ba shi shafin baya ya riƙa ba da labarinsu duk mako. Tsinke ya ce ba zai karɓa ba sai da zanen mijina a gefe.

Yadda suke aikin shi ne abin da har yau ban ga irinsa ba. Mijina bai taɓa zana tauraro daga hoto ba. Cewa yake hoto maƙaryaci ne, mutum ya gyara hula ya haɗiye ciki kafin a ɗauka. Duk ranar Talata da hantsi Tsinke zai shigo shago, ya ture gwangwanayen fenti gefe da ƙafa, ya tsaya a tsakiya ya zama mutumin. Ya kumbura kumatu, ya karkace wuya, ya canza murya da tafiya. Mijina yana zagaya shi da allo a hannu, ya duƙa ya miƙe, yana zana abin da yake gani a fuskar Tsinke. Mutanen da bai taɓa gani ido da ido ba, sai ya fito da su har iyayensu su gane su.

Ni ina tsakar gida ina wanke-wanke, amma kunnena yana shago. A nan na ji labarin jarumin fim ɗin nan mai dukan mutum goma shi kaɗai, wanda ƙadangare ya faɗo masa a kafaɗa ana tsaka da ɗaukar fim ya haye bayan mai riƙe fitila yana kiran sunan uwarsa. Na ji na mawaƙiyar da ke tsoron lifta, ta hau bene hawa tara a ƙafa da takalmi mai tsini, ta iso dandali ba numfashi, Tsinke ya yi minti ashirin yana ƙirƙiro gaisuwar baƙi har ya gaishe da masu gadi ɗaya bayan ɗaya. Da na mai karanta labarai a talabijin, sama riga mai aiki, ƙasa gajeren wando, ƙafafunsa cikin robar ruwan sanyi saboda kaushi. Ban san nawa ne gaskiya nawa ne ƙari ba. In na tambaya sai Tsinke ya ce, "Uwargida, rabi na gani da idona, rabi kuma ya kamata a ce ya faru."

Ƙa'idar mijina guda ce, kuma ba ta da tausayi: abin da mutum yake ɓoyewa, shi yake fara zanawa. Mai sanƙo ya sha hula, sai ya zana hular tana tashi sama. Mai gajarta ya sa takalmi mai tudu, sai takalmin ya fi mai shi tsawo. An zo ƙofar shagon nan da mota an zage shi, an yi masa waya an ce za a kai shi kotu. Ni kaina ban tsira ba. Ya taɓa zana ni ina faɗa, baki ya cinye fuskar duka, hannu a ƙugu, ludayi a ɗaya hannun. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanwata na gani ta ce, "Yaya, wallahi ke ce."

Haka aka yi ta tafiya har mujallar ta tsufa, su ma suka tsufa. Sai wani mai maɗaba'a ya ce zai tara labaran da zanukan su zama littafi guda. An zaɓi ɗari da ashirin, an jera, an gyara, saura bango. Tsinke ya ce tun da shi ya yi shekara ashirin da shida yana ara wa mutane fuskarsa, a bangon nan tasa za a sa, kuma kada a raga masa. Suka sa ranar Talata mai zuwa. Ranar Lahadi Tsinke ya faɗi a banɗaki.

Da aka sallamo shi daga asibiti ya aiko ɗansa babba cewa maganar bango tana nan. Mijina ya ce to. Daga wannan "to" ɗin ne aka shiga feƙe fensir. Mai maɗaba'a ya yi waya har ya gaji. In an ce ga ɗan Tsinke nan tafe, sai mijina ya tuna akwai allon da zai je aunawa a ƙarshen gari. Ya rage cin abinci. Ya wanke burushin da shekara biyar ba a taɓa shi ba, ya jera gwangwanaye daga babba zuwa ƙarami, ya sake jera su daga ƙarami zuwa babba. Ni kuwa haƙurina ba shi da tsawo, kowa ya sani.

"Malam," na ce masa ran nan da rana, "ko ka zana mutumin nan, ko ka je ka ce masa ba za ka iya ba. Wannan safa da marwa da kake yi ta ishe ni, jiri kake sa ni."

Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro wani tsohon hoton Tsinke na ranar auren 'yarsa, ya jingina shi da kwalbar tawada. Mutumin da bai taɓa zane daga hoto ba! Cikin awa biyu ya gama. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ga Tsinke nan da murmushi daidai wa daida, kumatu sumul, hula a zaune, ido yana ƙyalli. Ko tumbin an rage masa. Ya naɗe takardar ya ɗaure da zare ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ke za ki kai."

"Ni na zana?"

"Don Allah, Maman yara."

Rabon da ya haɗa ni da Allah a kan wani abu har na manta. Na yafa mayafi na tafi, ina tafe ina mita.

Matar Tsinke ta tare ni a tsakar gida tana magana ƙasa-ƙasa, ta kai ni ɗakin. An sauke labule, an rufe madubin jikin kwaba da tawul. Warin man zafi ya cika ko'ina. Yana zaune a kujera an tokare shi da matasai, hannun hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. Gefen bakinsa ya zame ƙasa, idon wannan ɓarin ya lumshe rabi. Na gaishe shi, na ji muryata ni ma ta yi ƙasa ba da nufina ba.

Maganarsa tana fita da nauyi, kalma tana jan kalma, sai ka kasa kunne. Amma Tsinke ne.

"Uwargida ran gida. Ina angon naki? Ko ya shiga takaba ne?"

Na ce aiki ya yi masa yawa, na kwance takardar na riƙe masa. Ya daɗe yana kallo da idonsa mai lafiya. Matarsa ta ce, "Kai, masha Allah, kamar a kira shi ya amsa." Shi kuwa ya ɗaga hannun dama ya ture takardar ta faɗi ƙasa.

"Wannan na waye?"

"Naka ne mana."

"Wannan irin wanda ake sawa a jarida ne a rubuta Allah ya jiƙansa a ƙasa." Ya tsaya ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Wata biyu, Uwargida. Duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya rage murya. Sannu, sannu, ka ji sauƙi, ka yi kyau. Mutanen da na yi wa tsiya a gaban dubu, yanzu lallaɓa ni suke kamar ƙwai. Sun gama yi mini ta'aziyya ina zaune. Na ce ba komai, akwai mutum ɗaya da idonsa bai san kunya ba, shi zai zo ya gan ni. Ashe shi ma ya binne ni."

Na duƙa na ɗauke takardar daga ƙasa, shi kuwa ya ci gaba.

"An ce wanzami ba ya son jarfa. To ni ina so. Ki ce masa in ba zai iya kallona ba, kada ya wahalar da kansa zuwa jana'izata, ya riga ya yi tasa a takarda. Littafin ma a bar shi."

Na fito ina share ido da gefen mayafi, raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba a cikinsu. A ƙafa na dawo don na huce, ban huce ba. Na tarar da mijina a ƙofar shago yana leƙen hanya, yana ganina ya koma ciki ya kama goge teburin da ba abin da ya same shi. Na ajiye masa takardarsa, na faɗa masa saƙon kalma da kalma, ban rage ko ɗaya ba. Sannan na ƙara nawa: na ce matsoraci ne, na ce ya iya cin fuskar baƙi amma ya kasa gaida amininsa.

A karo na farko a rayuwar aurenmu na ga ya nemi kujera da kansa ya zauna.

"Ba ki gane ba," ya ce. "Ba ƙyama ba ce. Ranar da na shiga asibitin, kafin bakina ya ce sannu, idona ya riga ya gama zana shi. Na ga inda bakin ya zame, na san layin da zan ja. Na ga idon, na ga hannun. Har na ji dariya tana taso mini, irin wadda nake ji in na kama mutum. Abokina yana kwance tsakanin rai da mutuwa, ni ina tsaye ina auna masa baki. Wane irin mutum ne ni?"

Sai tausayinsa ya kama ni, fushin ya zube. Wata biyu yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ni ina ta ƙorafin shara.

"Irin wanda yake nema," na ce. "Masu tausayi sun cika masa ɗaki har ba wurin numfashi. Gobe da safe za ka je, kuma ƙafata ƙafarka."

Da ban bi shi ba, wallahi da bai isa ba. Ya ce a ƙafa za mu je. Ya tsaya kantin takardu ya sayi takardar da yake da irinta cike da akwati. Ya tsaya duba wani allo da ya rubuta shekara takwas da suka wuce wai harafi ɗaya ya karkace. A bakin layin su Tsinke ya ce ya manta magogi, na buɗe jakata na nuna masa guda biyu. Ya harare ni, na harare shi, muka shiga.

Ya yi sallama kansa a ƙasa, idonsa a kan ledar ɗakin. Tsinke bai amsa da fara'a ba.

"Ɗago kai, ɗan fenti. Ba a ƙasa nake ba tukuna."

Mijina ya ɗago. Suka kalli juna. Na ga yatsun mijina sun fara motsi a jikin allon da kansu.

"A ɗage labulen nan," mijina ya ce da wata murya da na sani, muryar ranar Talata. "Ina zan ga mummunan mutum a cikin duhu?"

Matar Tsinke ta dube ni a tsorace. Na je da kaina na ɗage, haske ya faɗo a kan fuskar gaba ɗaya, ba abin da ya ɓuya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba ni labari," in ji mijina. "Ban iya zana mutum yana shiru ba."

Tsinke ya fara ba da labarin faɗuwarsa. Wai yana banɗaki yana gwada sabuwar gaisuwar da zai yi wa wani attajiri, ya duƙa ya ce ranka ya daɗe, sai ƙasa ta ɗauka da ita yake, ta taso ta rungume shi. Ya kwaikwayi babban likita yana zagaye da ɗalibai, yana nuna shi da biro kamar mai cinikin rago. Da rabin fuska yake yi, rabin kuma yana kwance abinsa, kalmomi suna tuntuɓe, wasu sai ya maimaita sau uku. Duk sanda yawu ya taru a gefen bakin, matarsa takan yi wuf ta goge da hankici kafin kowa ya gani, ta koma gefe. Mijina kuwa ya koma mutumin da na sani. Yana zagaya kujerar, ya durƙusa, ya hau kan gado da gwiwa, ya ce juyo nan, ya ce kada ka gyara, bar shi yadda yake. Fensir yana ta ƙara a kan takarda.

Bai fi minti arba'in ba ya tsaya. Ya riƙe allon a ƙirji kamar ba zai bayar ba. Sannan ya juya shi.

Na leƙa. Rabin fuskar yana ihu da dariya, ido a waje, gira ta kai hula. Ɗaya rabin ya narke ya gangaro, bakin ya sauka har kafaɗa, idon yana barci abinsa. Tumbin yana nan cikakke, ya ma ƙaru. Hannu mai lafiya ya kai makirfo can wajen kafaɗa yana bin bakin inda ya gudu, mataccen hannun kuma an sa shi cikin aljihu yana hutawa kamar wani mai gidan haya. Mummuna ne ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa ganin Tsinke sau ɗaya zai ce shi ne, yana raye, yana tsaka da tsiya.

Matarsa ta ce, "Innalillahi," ta rufe baki. Mijina yana tsaye, a karo na farko ba inda ke motsi a jikinsa.

Tsinke ya kalla, ya kalla. Sai kafaɗarsa ta dama ta fara rawa. Wani sauti ya fito masa kamar tari, na zabura zan kira ɗansa, ashe dariya ce. Ta ƙwace masa gaba ɗaya, kujera tana girgiza, hawaye yana zuba daga ido biyun, har mai barcin. Yana bugun hannun kujera yana nuna mijina.

"Ɗan banza," ya ce da ya samu numfashi. "Mugu. Allah ya isa." Ya sake duban takardar, ya karkata kai irin na mai duba aiki. "Amma ka rage abu ɗaya. Ina yawun?"

Ya nuna wa mijina gefen bakinsa da yatsa.

"Ka gan shi, na ga ka gan shi. Sa shi."

Mijina ya durƙusa a gaban kujerar, ya ɗora allon a gwiwar Tsinke, ya ja layi daga gefen bakin, dogo, har ƙirji, ya ɗiga masa ɗigo a ƙarshe. Ruwan idonsa yana sauka a kan takardar, Tsinke yana ce masa ya matsa kada ya jiƙa masa bangon littafi. Dariyar ta sake taso wa Tsinke, yawu na gaske ya gangaro masa har haɓa. Matarsa ta taho da hankicinta, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon su biyun. Sai ta ninke shi ta sa a aljihu, ta tambaye ni ko za mu sha shayi, da muryarta ta kullum, mai ƙarfi.